Ƙwayar Waken Dalhatu Mai Asako

Duk wanda ya yi wayo tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kafin soja su koma bariki, in ka ce masa Malam Dalhatu sai ya tsaya yana sosa ƙeya, don Dalhatu ba ɗaya ba ne a unguwa. Amma ka ce masa Mai Asako, yanzu ka ga ya washe baki yana cewa, "Allah sarki, Baba Dalhatu!" Dogo ne siriri, da malafar da rana ta cinye wa baki, da sandar da ta kusa fin ƙwaurinsa kauri. Masu ƙarin gishiri suna cewa in ya saki murya a bakin kasuwar Tarauni sai an ji shi a Babban Giji.

Yaran yanzu ba su san asako ba, sai an yi musu bayani. Da hantsi, bayan an karya kumallo, mutum ɗaya ne zai bi unguwa lungu-lungu yana kira, "A sako! A sako!" Kowane gida sai a kwance tumaki da awaki daga turke, a buɗe musu ƙofa, su fito su bi bayansa. Ya kai su kiwo, ya shayar da su, la'asar sakaliya ya dawo da su. Kowace dabba ta san ƙofar uwargijiyarta, da an zo saitin gidan sai ta ware ta shige abinta. Aikin Dalhatu ke nan har shekara ashirin da bakwai, ba ya fashi sai ranar Sallah.

Shi fa ba kiwo ne ya kawo shi birni ba. Cirani ya zo daga wani ƙauye a bayan Dawakin Kudu, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, da niyyar ya yi leburanci wata huɗu ya koma kafin ruwan shuka. Leburancin kuwa bai karɓe shi ba ko kaɗan. Sau biyu yana kifar da kwanon siminti a ƙafar birkila, a na uku aka ce ya je Allah ya haɗa shi da rabonsa a wani wajen. Yana tafe yana zancen zuci, sai ya tarar an taru a ƙofar wani gida, tunkiya na kwance ciki ya kumbura kamar ganga, har an aika kiran mahauci. Ya ce a dakata. Ya nemi kanwa da man gyaɗa ya ɗura mata, ya tashe ta tsaye yana murza mata ciki, har ta saki wata gyatsa da ta sa kowa dariya. Mai tunkiyar, wata matar aure da ake kira Saude, ta yi magana daga bayan ƙyaure, ta ce, "Bawan Allah, kana da abin yi kuwa?" Ya ce babu. Ta ce to gobe ya zo ya fita mata da dabbobinta huɗu. Maƙwabta suka gani suka yi sha'awa, kafin wata ya ƙare garken ya haura sittin, ruwan shuka kuma ya sauka a ƙauye ba da shi ba.

Kai jama'a, a wancan zamanin ina ka ga wahalar kiwo? Daga bayan gidajen ƙarshe gonaki ne iya ganinka. Da an yi girbi ƙasa ta zama tasa, daga nan har Daurawa, har ka hango itatuwan Hotoro. Karmami ga shi nan a zube, ga ragowar harawar wake, da rani kuma gawo ya yi ta zubo 'ya'ya awaki na rububi. Da damina akwai burtali, wato hanyar da aka bar wa dabbobi a tsakanin gonaki, an shinge ta da bini-da-zugu, ta kai ka har fadama inda kududdufi yake. Can Dalhatu zai zauna a gindin wata ɗorawa, ya cire malafa, ya dama furarsa, yana sauraron yadda dabbobi ke tsinkar ciyawa. Ya sha faɗa cewa ko mai shago a Kantin Kwari bai kai shi jin daɗin duniya ba.

Matan unguwa kuwa bai san fuskar galibinsu ba, don kulle ake yi sosai. Da murya ya san su, da kuma halin dabbobinsu. Yakan ce in ka ga akuya mafaɗaciya, je ka gaishe da mai ita daga nesa. Ladansa ba wani abin a zo a gani ba ne, nan kwanon tuwo, can tiyar gero, ranar layya kuwa nama har ya rasa inda zai sa. A haka ya auri Hajara, a haka suka aurar da 'ya'ya uku. Amma shi kansa ko bunsuru bai taɓa mallaka ba. Hajara takan tsokane shi ta ce, "Malam, naka dai ga ƙoshi ga kwanan yunwa." Shi kuma ya ce ranar da ya sayi tasa, idonsa zai fi komawa kanta, amanar mutane ta lalace.

Sai gari ya fara cin daji. Aka shiga awon igiya, gona ta zama fuloti, fuloti ya zama gidan haya. Asibitin koyarwa ya kafu, ma'aikatan jinya da ɗalibai suka cika unguwa suna neman ɗaki, direbobi da leburori da 'yan acaɓa suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka kamar yadda shi ma ya zo. Ɗorawar nan aka sare ta wata ranar Laraba, yana tsaye yana kallo. Abin da ya rage na burtali bai wuce wani dogon lungu tsakanin katanga biyu ba, faɗinsa da ƙyar amalanke biyu su gifta, ya fitar da kai bakin kwalta, ka tsallaka, ka faɗa guntun fadamar da ba a kai ga yankawa ba. Ta nan kaɗai garken ke iya fita. In aka rufe lungun nan, asako ya mutu, wannan ko Dalhatu bai faɗa ba kowa ya sani.

Gwiwoyinsa ma sun fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Kullum da yamma Hajara na shafa masa man zafi tana mita. "Ka bari haka mana, Malam. Jiki fa ba ƙarfe ba ne." Shi kuma amsarsa ɗaya ce. "In na bari, matan nan su yi yaya? Dabbar nan ita ce asusunsu, ita ce gadon 'yarsu, ita ce asibitinsu. Ni zan juya musu baya?" Sai ta yi tsaki ta rufe kwalbar.

Ana nan soja suka miƙa mulki, farar hula suka hau. Wanda bai ga shekarar nan ba ba zai gane ba. Bakin kowa ya buɗe, mai shayi ya zama masanin tsarin mulki, komai sai an ce a kira taro a kafa kwamiti. Cikin wannan yayi ne wata ƙungiya ta zo tare da sashen gona na ƙaramar hukuma, suka ce za su taimaki masu ƙananan dabbobi, amma ba za su yi wa kowa aski a bayan idonsa ba, mutane da kansu za su zauna su tsara abin da suke so. Wadda aka ɗora a kan aikin wata matashiyar likitar dabbobi ce, Malama Ummukulsum, gajeriya mai tabarau da saurin magana.

Aka yi shela cewa masu dabbobi su hallara a filin firamare ranar Asabar bayan la'asar. Tirƙashi! Sai ga magidanta sun fito cikin manyan riguna, har da masu turare. Wallahi rabinsu in ka tsare su ka ce awaki nawa ne a gidanka, sai sun aika cikin gida an tambayo. Mai unguwa Inuwa, dattijo mai kwarjini, aka sa masa kujera a gaba. Dalhatu ya mayar da garke, ya zo ya raɓe a baya a kan takalminsa.

Malama Ummukulsum ta sa aka share ƙasa fes, aka kawo toka da tsakuwa. Ta ce so take a zana mata unguwa a ƙasa, a nuna inda dabba ke kwana, inda take bi, inda take ci, inda take sha. Ta tambaya wa ya fi kowa sanin wannan. Duk wuya ya juya baya. Ta ratsa mutane ta miƙa wa Dalhatu wani kara, ta ce, "Baba, bisimilla."

To, a nan gizo ya yi saƙar. Dalhatu ya karɓi karan, ya taho tsakiyar fili, taswirar nan kuwa tana cikin kansa tsaf, ko ido rufe zai zana ta. Sai ya ɗaga kai ya ga mai unguwa zaune, ga liman, ga alhazai. Shi ɗan cirani, wanda ko kaza ba shi da ita, ya tsaya yana zane manya na kallo? Ina! Ya durƙusa, ya miƙa wa mai unguwa karan da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga manya ina ni ina wannan." Mutane suka ce madalla, Dalhatu akwai ladabi. Mai unguwa ya tashi ya zana masallacin Juma'a, ya zana kasuwa, da makaranta, da kwalta, da ƙofar gidansa. Ba mugunta ya yi ba, Allah ya sani. Shi dai bai taɓa bin lungun nan ba tunda aka yi katangun, don haka bai sa shi ba.

Sau uku Malama Ummukulsum tana tambaya, "Akwai abin da aka manta?" A na ukun ma Dalhatu ta kalla. Maganar lungun ta zo masa har baki. Amma ya za a yi ya gyara wa mai unguwa zane a bainar jama'a? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya yi daidai." Aka kwafe zanen a takarda. Magidanta suka ce abin da suke so shi ne a gina rumbun ajiye harawa da dusa, da ɗan ɗakin magani, don dabba ta ci a gida. Aka yi addu'a aka watse, ya koma gida bai iya cin tuwo ba.

Bayan sati uku ya kawo garke bakin lungu da safe, sai ya ga an kafa turaku an ja igiya, ga tulin yashi a gefe. Masu awo suka ce nan za a gina rumbun masu dabbobi. An duba ko'ina babu fili sai wannan, kuma a taswirar da masu dabbobin suka zana da hannunsu ba a nuna ana amfani da shi ba. Dalhatu ya ɗaga igiyar da sandarsa dabbobi suka wuce ta ƙasa, zuciyarsa na tafasa, kuma ba shi da wanda zai zaga sai kansa.

Washegari da sassafe, kafin lokacin kira, ya taka har sakatariyar ƙaramar hukuma ya sami Malama Ummukulsum. Ya cire malafa ya zayyana mata komai. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Haba Baba! Sau uku fa na tambaya."

"Kin tambaya, Malama. Kara ce ta hana ni. Kuma tunda na zo, bari in ƙarasa miki. Waɗanda kika tara ba su ne masu dabbobi ba. Dabbobin unguwar nan, in kika cire ragunan layya, duk na mata ne. Su ke ba su dusa, su ke kwana da su in suna naƙuda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki tambaye su ki ji in za su yarda a toshe hanyar nan."

Ta ce laifin nata ne, ita da ta tashi a gidan da kakarta ke da awaki goma kakanta ba shi da ko ɗaya. Ta sa aka dakatar da ginin. Ta kuma ce gani ya kori ji, gobe da ita za a fita kiwo.

Ranar nan Dalhatu kamar ango. Ya nuna mata inda ɗorawa take a da, inda gonar wane ta tsaya, inda ya taɓa karɓar haihuwar tunkiya 'yan uku a cikin ruwan sama. Ita kuma tana biye da takalmin roba, tana ganin abin da shi idonsa ya daina gani. Ta ga yadda ya tsaya tsakiyar kwalta da sanda a sama, motoci na danna masa oda, wani ɗan acaɓa ya kusa kwashe ɗan rago. Ta ga fadamar, rabinta juji ne, baƙar leda ta fi ciyawa yawa, awaki na tauna ta don gishirin abincin da ya maƙale a jiki. Ta ga kududdufin, ruwan wankin mota na gangarawa ciki. Ta ga kuma yadda yake dafa katanga in zai tashi. Ba ta ce komai ba sai, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Shi kuwa ya ɗauka ta gamsu.

Aka sa taron mata a gidan Saude, wadda yanzu ta zama Inna Saude, mijinta ya rasu, jikoki sun cika mata gida, kuma babu magidancin da zai hana matarsa zuwa wajenta. Mata arba'in da 'yan kai suka cika tsakar gida. Dalhatu, da yake ya tsufa kuma maganar tasa ce, aka shimfiɗa masa buzu a bakin zaure ta ciki. Abin ya ba shi dariya shi kaɗai. Mace ta yi sallama, sai ya ce a ransa, af, wannan ce mai jar akuyar nan mai satar shanya, ashe haka take 'yar firit. Shekara da shekaru yana gaisawa da muryoyi, yau ga su da fuskoki.

Malama Ummukulsum ta yi bayani dalla-dalla. Fili ɗaya ne, abu biyu ke nemansa. Ko a bar lungu a buɗe asako ya ci gaba, ko a gina rumbu kowa ta ɗaure dabbarta a gida, a riƙa sayo harawa da yawa lokacin kaka a ajiye, malamin dabbobi kuma ya riƙa zuwa duk sati. Ta ce kowa ta faɗi ra'ayinta. Sai yabo ya ɓarke. Wannan ta ce Malam Dalhatu bai taɓa ɓatar mata da ko ɗan akuya ba. Waccan ta ce da dabbobin da ya kiwata mata ta yi wa 'ya'yanta biyu kayan ɗaki. Talatu mai ƙosai ta ce samun irinsa sai an tona. Dalhatu ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana cewa a ransa, to Malama, kin dai ji da kunnenki.

Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Malama Ummukulsum ta riga ta ga abin da kara ta yi mata a filin firamare, ba ta yarda a ɗaga hannu ba. Ta sa aka rataya tabarma a ƙofar wani ɗaki, aka ajiye ƙwarya biyu a ciki, kowace da faifai a rufe. Ta dama ta lungu, ta hagu ta rumbu. Kowace mace aka ba ta ƙwayar wake ɗaya, ta shiga ita kaɗai, ta jefa inda ranta ya kwanta, ba mai ganinta sai Allah. Inna Saude ta ce a ba Malam Dalhatu shi ma. Ya ce shi da ba shi da dabba? Ta ce, "Karɓi, kar ka sa in yi maka abin da ban taɓa yi ba." Ya karɓa ya riƙe, ya ce sai kowa ya gama.

Mata suka yi ta shiga suna fita, ba wadda ta kalli inda yake. Da ta ƙarshe ta fito, Talatu ta yi azarɓaɓi ta ɗauko ƙoren ta dire a tsakar gida, an manta da nasa. Aka buɗe ta hagu, wake ya rufe gindin ƙwarya. Aka buɗe ta dama. Ƙwaya huɗu ne, suna ta gangarawa a ciki.

Dalhatu ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ɗauka an juya ƙoren ne. Da ya ga fuskokin matan, kowa ta duƙar da kai tana wasa da bakin mayafi, sai ya gane ba a juya komai ba. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji haushi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ne fa ya taka har sakatariya ya ce a tambaye su.

Inna Saude ce ta gyara zama ta yi gyaran murya.

"Malam Dalhatu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na fara ba ka dabba, ni ya kamata in faɗa maka. Bara na yi asarar awakina uku, kai ka kira mahauci, kai ka ga abin da aka ciro a tumbinsu, leda ce dunƙule kamar ƙwallo. Ta Talatu mota ta take. Ba laifinka ba ne, daji ne ya ƙare. Yau shekara uku muna maganar nan a gidan suna da gidan biki, kowa na so ta ɗaure dabbarta, amma wa za ta iya jin kiranka a ƙofar gida ta ƙi buɗewa? Sai mu ce bari dai mu saki, kar Malam Dalhatu ya ga kamar mun gaji da shi." Ta nuna ƙwaryar dama da haɓa. "Ɗaya daga cikin huɗun nan nawa ne. Kuma wallahi ba don akuya na jefa ba, don kai na jefa."

Sai Dalhatu ya yi wata 'yar dariya wadda ta fi kama da tari.

"Hajiya, shekara uku kika ce?"

"Uku."

"To ni shekara huɗu ke nan gwiwoyin nan ba sa bari in yi sujada daidai. Kullum mai ɗakina na cewa in bari, ina cewa in na bari matan nan su yi yaya. Ashe ku kuna saki don ni, ni ina fita don ku, dabbobin Allah kuma suna cin leda a tsakaninmu."

Wata ta fashe da dariya, wata ta fashe da kuka, wasu suka haɗa biyun. Dalhatu ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyin suka yi ƙararsu kowa ya ji. Ya taka har gaban ƙoren, ya buɗe tafin hannunsa, waken har ya jiƙe da gumi. Ya tsaya a kan ta dama kamar mai tsayuwa a bakin kabari. Sannan ya juya ya sake shi a ta hagu. Ya ce, "Malama, a gina." Bai jira addu'a ba, ya ɗauki malafarsa ya fita, don ba ya so mata su ga hawayen tsoho.

Matan ba su bar shi haka ba. A zaman nan suka kafa kwamitinsu, Inna Saude a gaba, suka ce makullin rumbu ba mai riƙe shi sai Malam Dalhatu, don ba wanda ya kai shi sanin harawa mai kyau da wadda ruwa ya taɓa. Mai unguwa da ya ji yadda aka yi, ya aiko a gaya wa Dalhatu cewa da ya gyara masa zanen nan tun ranar, da ba abin da zai ragu a jikinsa. Aka yanke cewa asako zai tsaya ranar da za a haƙa harsashin rumbu, wata Juma'a. Ranar Alhamis ya yi fitarsa ta ƙarshe, bai gaya wa kowa komai ba, ya dai daɗe a fadama har rana ta yi ja.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallacin asuba ya zauna a tsakar gida. Hajara ta kawo masa koko da ƙosai ya sha rabi. Hantsi ya fara ɗagawa. Sai wata tunkiya ta yi kuka a gidan da ke bayansu. Wata ta amsa daga tsallaken layi. Kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, tumaki da awaki, daga wannan katanga zuwa waccan, suna fizgar igiya suna kira, don su ba wanda ya ba su wake, ba wanda ya gaya musu an yi taro. Lokaci ya yi, shi ke nan abin da suka sani. Dalhatu yana jin su ɗaya bayan ɗaya, ya san wannan ta gidan wance ce, waccan mai ciki ce, waccan kuma ita ke shiga gaba kullum in za a tsallaka kwalta. Hannunsa ya kai kan sanda, ya janye shi.

Hajara ta tsaya da muciya a hannu, ta ce a hankali, "Malam, ka ji 'ya'yanka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji su. Ɗauko min rediyon nan, ki ƙure ta."